Fashin baƙi: daga ina mai nazarin buƙatun manhaja zai fara koyo a Kumasi?

Duk wanda ya gama karatu a KNUST ko wata jami'ar ya shiga neman aiki a bankuna, kamfanonin inshora da na hada-hadar kuɗi ta waya, ya saba ganin haruffa biyu a tallan guraben aiki: BA. Suna nufin mai nazarin buƙatun kasuwanci, wato mutumin da ke tsayawa tsakanin masu sana'a da masu rubuta manhaja. Aikin ya fara jan hankalin matasanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango, maza da mata, musamman da suka ji cewa ba dole sai mutum ya iya rubuta manhaja da kansa ba. Tambayar da ke biyo baya kusan kullum iri ɗaya ce: wane kwas zan biya, wane satifiket zan nema? A ganina tambayar ta yi gaggawa. Kayan koyon wannan aiki suna da yawa, galibinsu kyauta ne, kuma wanda ake biya da dala shi ya kamata ya zo ƙarshe. Abin da ke wahalar da mutane shi ne rashin sanin me ke gaba da me.

A fara da aikin kansa. Mai kamfani ya san inda ke masa ciwo, amma ba kasafai yake iya bayyana shi yadda injiniya zai gina a kai ba. Shi kuma injiniya abin da aka faɗa masa zai gina, ko da ba shi ake buƙata ba. Mai nazari ne ke tono ainihin buƙatar daga bakin waɗanda abin ya shafa, ya rubuta ta yadda ba za a yi mata fahimta biyu ba, ya koma ya tabbatar da ita a wajen masu ita, ya bi sawunta har a gama gini, sannan ya duba ko abin da aka gina ya magance matsalar. Tun a 1994 wani kamfanin bincike na Amurka mai suna Standish Group ya yi nazarin ayyukan manhaja, ya ce kusan kashi 16 cikin ɗari ne kawai aka kammala kan lokaci da kuɗin da aka ware, kashi 31 kuwa an soke su kafin a gama. Masana sun soki yadda aka yi lissafin, amma dalilan da suka zo kan gaba har yau suna nan: buƙatun da ba a tattara su cikakku ba, da rashin jin ta bakin masu amfani da manhajar. Wannan giɓi shi ya haifar da sana'ar.

Littafin da kowa zai fara ambata maka shi ne BABOK, na IIBA, ƙungiyar masu wannan sana'a ta duniya, da aka kafa a Toronto ta ƙasar Kanada a 2003. Bugu na 3 ya fito a 2015, shafinsa ya kai kusan 500. Ya kasa aikin gida shida: tsara yadda za a gudanar da nazarin, tono bayanai tare da haɗa kai da masu ruwa da tsaki, kula da buƙatu daga farkonsu zuwa ƙarshe, nazarin inda kamfani yake da inda ya dosa, warware buƙatun da fitar da fasalin mafita, sai auna ko mafitar ta yi amfani. A bayan wannan ya jero dabaru 50. Littafi ne mai daraja, domin shi ya haɗa kan masu sana'ar a kan kalmomi ɗaya. Sai dai ba a rubuta shi don ya koyar da sabon shiga ba. Kamar littafin fiƙihu ne a hannun wanda bai taɓa zama gaban malami ba: hukuncin yana ciki, amma sai an kawo maka mas'ala a zahiri za ka san shafin da ya shafe ka. Shawarata ga mai farawa ita ce ya karanta babin tono bayanai da na warware buƙatu, ya ajiye sauran a kusa, ya riƙa komawa idan aiki ya kai shi can.

Abin da ya fi shi gaggawa ɗan ƙarami ne. A 2001 mutum 17 sun haɗu a jihar Utah ta Amurka suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita gina manhaja kaɗan-kaɗan ana nuna wa mai ita a kan a rubuta ƙaton kundin buƙatu a ɓace shekara guda. Tsarin da ya fi yaɗuwa a wannan tafarki shi ne Scrum, kuma jagoransa da Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka rubuta kyauta yake a intanet, bugun 2020 shafi 13 ne kacal. A zama ɗaya za ka gama shi, kuma akwai yiwuwar kamfanin da zai ɗauke ka da irin wannan tsari yake aiki. Wani abu da ke ɗaure wa masu koyo kai shi ne babu sunan BA a cikinsa ko sau ɗaya. Matsayi uku ya ambata: mai alhakin manhajar, mai kula da tafiyar tsarin, da masu ginawa. Hakan ba ya nufin aikin nazari ya ɓace. A aikace mai nazari na zama hannun daman mai alhakin manhajar, yana shirya buƙatun da za a gina a zagaye na gaba, wanda a wurare da yawa mako biyu ne. Ana rubuta kowace buƙata a jimla ɗaya mai faɗin wane ne ke so, me yake so, don me. Misali: a matsayina na mai karɓar susu, wato adashin kullum, ina so in ga waɗanda ba su zuba yau ba, domin in bi ta rumfunansu kafin a tashi kasuwa. A ƙarƙashinta sai a jera sharuɗɗan da idan sun cika za a ce an gama.

Tun da maganar susu ta shigo, bari in tsaya a kanta, domin a nan babbar makarantar take, kuma mu a Kumasi a ƙofar gidanmu take. Kowa ya san yadda abin ke tafiya a Kejetia da Alabar da ƙananan kasuwannin unguwa. Mai karɓa na zagayawa kullum, 'yar kasuwa ta ba shi abin da suka yi yarjejeniya, ya sa alama a katinta mai gidaje na kwanakin wata, a ƙarshen wata ya mayar mata da kuɗinta ya riƙe zubin kwana ɗaya a matsayin ladansa. A baki ba abin da ya fi wannan sauƙi. To a ce an ba ka aikin rubuta buƙatun manhajar da za ta maye gurbin katin. Idan ka zauna a ofis za ka rubuta layi biyar ka ce ka gama. Idan ka bi mai karɓar da ƙafa tun safe, ka zauna a rumfar wata Hajiya mai sayar da atamfa, zancen zai canja.

"Hajiya, ina kwana, ya kasuwa? Don Allah a nuna mini katin watan jiya."

"Ga shi, ɗana. Ka ga nan kwana uku ban zuba ba, na je biki Tamale. Da na dawo na haɗa na ba shi gaba ɗaya."

"To ranar da kika haɗa, gida uku ya cike ko ɗaya?"

"Uku mana. Amma wancan watan da jikana ya kwanta asibiti, kwana goma sha biyu kawai na zuba na karɓi abina, kuma duk da haka ya cire nasa na kwana ɗaya."

A 'yar wannan hira ka samu ƙa'idoji biyu da babu wanda zai faɗa maka a ɗakin taro: ana iya biyan kwanakin baya a dunƙule, kuma ladan mai karɓa ba ya raguwa don an cire kuɗi kafin wata ya cika. Ka ci gaba da zama za ka ga wasu. Wayar da aka yi rajista da ita ta ɗanta ce, ita ƙaramar nan da ake kira yam take riƙewa, saboda haka manhaja mai hotuna ba za ta amfane ta ba, sai irin lambar da ake dannawa kamar *170# na MoMo, wato asusun kuɗi na waya. Ba ta karanta Turanci, saƙon tabbatarwa da za a tura mata wa zai karanta? A can cikin kasuwa sabis na ɗaukewa, to mai karɓa zai iya rubuta zubi ba intanet, manhajar ta aika daga baya? Idan ta aika sau biyu fa? Idan Hajiya ta biya ta MoMo, wa zai ɗauki cajin? Idan Allah ya yi mata rasuwa a tsakiyar wata, wa za a ba kuɗin, da wace shaida? Kowace tambaya a nan buƙata ce, kuma duk wadda aka manta sai ta dawo bayan an ƙaddamar, lokacin da gyara ya fi tsada.

A nan yaron zango yake da abin da kuɗi ba sa saye. Ya tashi da Hausa a gida, da Twi a titi da kasuwa, da Turanci a makaranta, wani ma har da Dagbani ko Zabarmanci. Zai ji abin da Hajiya ta faɗa da wanda ta yi kawaici a kai. Mace mai nazari kuma za ta ji abin da 'yan kasuwa mata ba za su faɗa wa namiji ba, kamar dalilin da ya sa wata ba ta son saƙon zubinta ya shiga wayar maigida. Amma tarbiyyar tamu tana da inda take kawo cikas. Kwasa-kwasan ƙasashen waje suna koyar da a riƙa tambayar "don me?" har sau biyar a jere don a kai ga tushen matsala. Ka yi wa Alhaji mai shago haka, a karo na biyu zai ɗauka kana tuhumarsa, kai ma kunya za ta hana ka na uku. Dabarar ita ce a sauya wa tambayar riga. "Baba, a gafarce ni, a nuna mini yadda aka yi na jiya." "Idan yaron shago bai zo ba, wa ke riƙe littafin?" "Ranar da lissafi ya ƙi daidaita, ya aka yi aka gano?" Babba ba ya son a titsiye shi, amma yana son ba da labari, kuma a cikin labarin amsar take.

Tushe na gaba da ake yawan tsallakewa shi ne dokar ƙasa. Babu kwas ɗin waje da zai koya maka ita, alhali duk manhajar da ta taɓa kuɗi ko bayanan mutane a Ghana a ƙarƙashinta take. Dokar kare bayanan jama'a ta 2012, mai lamba 843, ta yi magana kan neman yardar mutum kafin a tattara bayanansa da kuma iyakance amfani da su ga dalilin da aka karɓe su. Dokar tsarin biyan kuɗi ta 2019, mai lamba 987, ita ke fayyace wanda ke da izinin riƙe kuɗin mutane ta waya ƙarƙashin kulawar Babban Bankin Ghana. Bankin kuma na fitar da sanarwa a shafinsa, kamar wadda ta mayar da katin Ghana Card shaidar da ake karɓa a harkokin banki daga 1 ga Yulin 2022. Tun watan Mayun 2018, ta hanyar GhIPSS, kamfanin Babban Bankin da ke haɗa hanyoyin biyan kuɗi, ana iya tura kuɗi daga wannan layi zuwa wancan kai tsaye. Duk waɗannan takardu kyauta suke.

Harajin E-Levy, wanda aka ɗora kan tura kuɗi ta waya da intanet, ya ishe mu darasi. Ya fara aiki ranar 1 ga Mayun 2022 a kan kashi 1.5 cikin ɗari, tare da yafe sidi 100 na farko da mutum ya tura a rana. A Janairun 2023 aka mayar da shi kashi 1. A Afrilun 2025 aka soke shi gaba ɗaya. Cikin shekara uku ƙa'ida ɗaya ta sauya fuska sau uku. Mai nazarin da ya san aikinsa tun ranar farko zai rubuta cewa adadin harajin da iyakar yafiyar su zama abin da za a iya canjawa daga saiti, kada a dasa su cikin ƙashin manhajar. Zai kuma yi tambayoyin da ke ɓoye a bayan dokar: an yafe wa mutum idan ya tura daga asusunsa zuwa wani asusun nasa, to ta yaya manhaja za ta san asusun biyu na mutum ɗaya ne? Idan ya tura sidi 60 da safe, 60 da yamma, a kan nawa za a cire? Idan an mayar da kuɗin da aka tura bisa kuskure, harajin fa? Mai son gwada kansa ya ɗauki wannan doka ya rubuta buƙatunta tamkar yau za a gina. Darasin da zai samu ya fi na bidiyo ashirin.

Kayan aiki ba sa buƙatar dogon zance. Don zana yadda aiki ke bi daga hannu zuwa hannu akwai draw.io, kyauta ne, kuma alamomin BPMN, wato ƙa'idar irin wannan zane, waɗanda bugunsu na 2.0 ya fito a 2011, kaɗan daga cikinsu sun wadatar: farawa, aiki, mararraba, ƙarewa, da layin da ke nuna aikin wane ne. Jira, inda ƙungiyoyi da yawa ke ajiye jerin buƙatu, yana da tsarin kyauta ga mutanen da ba su wuce 10 ba. Excel kuwa a iya shi da gaske. Wanda zan fi matsa wa mutum a kai shi ne SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi. Manaja zai ce maka yawancin kwastomomi suna biya kan lokaci. Idan kana iya duba rumbun da kanka, cikin minti biyar za ka san ko haka ne, ba sai ka jira injiniya ya samu sarari ba. SQLite, ƙaramin rumbun da za ka gwada SQL a kai, kyauta ne kuma tsohuwar kwamfuta ma na ɗaukarsa.

Bidiyo a YouTube da kwasa-kwasai a Coursera da Udemy ba su ƙirguwa. Coursera na da hanyar neman tallafi ga wanda ba shi da halin biya. Matsalarsu biyu ce: misalansu na wasu ƙasashe ne, kuma yawansu na sa mutum ya yi ta tsalle daga wannan zuwa wancan, data na ƙarewa ba a gama ko ɗaya ba. A zaɓi guda, a kai shi ƙarshe, kowane darasi a gwada shi kan susu ko kantin unguwa ko rajistar ɗaliban makarantar Islamiyya. Sannan a nemi mutane. A Kumasi akwai cibiyoyin fasaha irin su Kumasi Hive da hapaSpace inda masu gina manhaja ke haɗuwa. A Accra akwai cibiyar Kofi Annan ta fasahar sadarwa da aka buɗe a 2003, da MEST mai horar da masu kafa kamfanonin fasaha, da ta fara a 2008. Ƙananan kamfanonin da ke tasowa a irin waɗannan wurare sau da yawa suna da injiniyoyi amma ba su da mai zuwa kasuwa ya yi tambaya. Ka ce za ka yi musu. Wanda ke shekarar bautar ƙasa kuma, duk ofishin da aka tura shi akwai wani aikin da ake yi da takarda da biro. Ya zana yadda yake tafiya, ya nuna wa shugabansa inda takarda ke kwana.

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna taimakawa wajen gyara Turancin buƙata ko tuna maka sharaɗin da ka manta, kuma rubutu mai tsabta da Turanci rabin aikin ne, domin da shi ake rubuta takardun kamfani. Amma kada a zuba musu sunaye da lambobin wayar kwastomomi, wannan na iya saɓa wa doka mai lamba 843. Kuma ba su san Hajiya ta je biki Tamale ba.

Sai satifiket. IIBA na da matakai: ECBA na mai farawa ne, ba ya neman ƙwarewar aiki. CCBA na neman awa 3,750 na aikin nazari cikin shekara 7 da suka wuce. CBAP na neman awa 7,500 cikin shekara 10, wato kusan shekara huɗu na cikakken aiki. Akwai kuma PMI-PBA na cibiyar PMI ta Amurka, da difloma ta BCS a Birtaniya, da CPRE na IREB a Jamus wanda ya fi karkata ga rubuta buƙatun manhaja. Waɗannan alƙaluma kaɗai sun isa su nuna cewa duk wanda ya ce zai ba ɗan makaranta CBAP cikin mako biyu ba gaskiya yake faɗa ba. Haka masu sayar da tambayoyin jarrabawa da suka ce an sato, a guje su. Sharuɗɗa da farashi suna canjawa, a duba shafin ƙungiyar kafin a biya kowa. Kuɗin jarrabawar da kuɗin waje ake biya, kuma a gidajenmu sau da yawa uwa ce za ta fasa susunta ko yaya ya ranto. Saboda haka kafin a taɓa kuɗin, a tattara tallan aiki na BA da aka fitar a Ghana cikin 'yan watannin nan, a ƙirga nawa ne suka ce satifiket dole ne, nawa suka ce ƙari ne kawai, nawa suka fi damuwa da SQL da Agile da sanin harkar banki. Abin da lissafin ya nuna shi za a bi. ECBA na da amfani ga wanda ya karanta wani fannin daban yake son takardarsa ta wuce matakin tantancewa. CCBA da CBAP kuwa sai an yi shekaru a bakin aiki, kuma wani lokacin kamfani ne ke biya.

Abin da za a riƙe a hannu ranar ganawar neman aiki shi ne aiki guda da aka yi daga farko zuwa ƙarshe: bayanin matsalar a shafi ɗaya, jerin waɗanda aka zanta da su da matsayinsu, zanen yadda aikin ke tafiya yanzu da yadda ake so ya koma, buƙatu goma ko sha biyar da sharuɗɗansu, zanen fuskokin waya ko da da biro ne, da sashen dokar da ya shafi aikin. A nemi izinin mai sana'ar kafin a nuna wa kowa, a cire sunaye da lambobin waya, a sauya adadin kuɗin.